Kada A Yi Wa Sabuwar Kwamfuta Tsohon Kai

'Yan'uwa manoma, akwai wata al'ada da ta fara shiga ƙungiyoyinmu na gama kai, ina so mu dube ta tun ba ta yi jijiya ba. Ƙungiya za ta sayar da albasa da tafarnuwa, ta tara kuɗi, ta sayo sabuwar kwamfuta domin rubuta bashin taki da ajiyar membobi. Kafin a yi mako guda sai magatakarda ya ce shi bai gane kanta ba, a kai ta wurin mai gyara a Sakkwato a cire Windows 11 da ta zo da ita, a sa mata Windows 10 ko ma Windows 7 wadda ya saba da ita. Ni dai ra'ayina kada a yarda.

Ba na cewa kukan magatakarda ba shi da tushe. Wanda ke zaune a Wurno ko Rabah ko Goronyo ya san yadda layin waya yake, yau akwai, gobe babu. A watan Satumba na 2021 ma an rufe layukan waya ɗungum a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Rabah da Goronyo. Ga shi kuwa Windows 11 tun ranar da aka fara kunna ta take neman intanet, bayan haka kuma ta riƙa jawo gyare-gyarenta tana shan data kamar rijiyar da ba ta cika. Ga tsohuwar na'urar buga takardu da wani lokaci sabuwar ba ta gane ta. Duk wannan gaskiya ne.

Amma mu dubi abin da ake saya da wannan komawa baya. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun watan Janairu na 2020. Ita ma Windows 10 wa'adinta ya cika ran 14 ga Oktoba, 2025, sai ɗan ƙarin lokaci da aka ba waɗanda suka yi rajista ta musamman. Ma'anar daina kula ita ce, in aka gano wata kafa da ɓarayi ke shiga, ba mai toshe ta. A watan Mayu na 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu cikin ƙasashe wajen 150, tana kulle takardun mutane tana neman kuɗin fansa, har asibitoci a Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida. Alhali kuwa an fitar da maganinta tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su karɓa ba su ta kama. To, ina ga wanda ba za a ƙara aiko masa da magani ba sam? Ku tuna abin da ke cikin kwamfutar nan: sunayen membobi, lambobin asusunsu na banki, da wanda ya biya bashin rani da wanda bai biya ba.

Sa'an nan akwai abin da mai gyara ba ya faɗa sai ya karɓi kuɗinsa. Kowane abu a cikin kwamfuta, da allo da lasifika da abin kama intanet, yana da 'yar manhajar da ke sa Windows ta gane shi, masu gyara suna ce mata direba. Masu ƙera sababbin kwamfutoci sun daɗe da daina yi wa Windows 7 waɗannan direbobi. Na ga wata ƙungiyar masu noman shinkafa da aka yi wa haka. Kwamfutar ta dawo tana kunnuwa sarai, amma ba sauti, ba ta kama intanet, ko filashi aka soka mata ba ta gani. Kuma ba a komawa baya sai an share duk abin da ke ciki. Damar nan ta kwana 10 da kuke ji ana faɗa, ta wanda ya ɗaga tsohuwar kwamfutarsa zuwa sabuwar Windows ce ya ga bai ji daɗi ba. Wadda ta zo da Windows 11 daga kamfani ba ta da bayan da za ta koma. Lasisin da kuka biya cikin kuɗin sayenta ma, in na Home ne, bai ba da izinin haka ba, saboda haka yawanci Windows ta jabu ake ɗora muku.

Maganar shan data tana da magani mai sauƙi. Cikin saitin intanet akwai wurin da aka rubuta Metered connection. In an kunna shi, kwamfuta takan rage jawo manyan gyare-gyare da kanta, sai a bari ranar da magatakarda ya shiga Sakkwato inda layi ke da ƙarfi ya sauke su gaba ɗaya. Maɓallin farawa da aka kai tsakiya, wanda ke ruɗa mutane, ana iya mai da shi hannun hagu cikin minti ɗaya. Tsofaffin takardun Word da Excel kuwa suna buɗewa lafiya lau.

Wuri ɗaya nake sassautawa. In ƙungiya tana da wata tsohuwar manhajar lissafi, ko na'urar buga takardu da ta ƙi sabuwar Windows ƙememe, to, a bar tsohuwar kwamfuta tana wannan aiki, kada a sayar da ita, kada kuma a haɗa ta da intanet. Sabuwar a bar ta yadda ta zo.

Kuɗin da za a ba mai gyara da kuɗin mota zuwa Sakkwato da dawowa, gara a ba wani ɗalibi daga cikin 'ya'yan membobi ya zauna da magatakarda maraice uku ko huɗu ya nuna masa. Shugabannin ƙungiya kuma su sa doka cewa ba mai fita da kwamfutar ƙungiya zuwa shagon gyara sai kwamiti ya zauna, an kwafe lissafi cikin filashi biyu, an kuma gwada shi da babban littafin ma'aji an ga sun yi daidai.