Cika-ciki: kada mu bari tukunyar gidan kaka ta huce

A wannan makon ina so mu duba wata al'ada da take sulalewa daga hannunmu a Gaya da Ajingi, wato tuwon cika-ciki.

Masu shekaru sun san yadda abin yake. Ran Babbar Sallah idan an yanka ragon layya, uwargida takan ware jela da wani ɗan nama, ta shafe su da gishiri, ta shanya, ta rataye. Bayan wata guda, a daren goma ga Muharram, sai a sauke a jefa a miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa, a tuƙa tuwon dawa ko na gero mai yawa. Kowa ya ci sai ya ture. Yara su yi ta zirga-zirga da kwanuka zuwa maƙwabta, taubasai kuma su tare juna da tsiya ana neman kuɗin shara.

Yau a gidaje da dama daren yana wucewa ba wanda ya lura. Dalili biyu ake kawowa, kuma kowanne yana da nauyinsa.

Na farko na addini ne. Malamai sun yi bayani cewa abin da ya inganta a waɗannan kwanaki shi ne azumin Tasu'a da Ashura, tara da goma ga wata. Maganar cewa wanda bai ƙoshi a daren ba zai shekara da yunwa camfi ne, a jefar da shi. To amma mai azumi ai zai sha ruwa. Me zai hana dangi su sha ruwan tare a gida ɗaya? A cire camfin, kada kuma a kira cin tuwon ibada, abin da ya saura ciyarwa ne da sada zumunta, kuma ba malamin da zai hana waɗannan.

Na biyu tsada. Gaskiya ne gidaje da yawa ba su yi layya ba, balle a ajiye jela. A 'yan shekarun nan ma Muharram yana faɗowa a damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi sun tafi taki da noma, sabon gero bai zo ba. Ni a ganina wannan ne ma ya ƙara wa daren daraja. Kwanon tuwon da ka aika wa gwauruwa ko marayu a irin wannan lokaci ya fi na kaka amfani nesa ba kusa ba.

Mutanen Sikotlan suna da nasu daren, 25 ga Janairu, ranar da aka haifi mawaƙinsu Robert Burns a 1759. Abokansa ne suka fara taruwa don tunawa da shi a 1801, shekara biyar bayan rasuwarsa. Abincin daren, haggis, zuciya ce da hanta da huhun tunkiya da ake niƙawa da hatsi da albasa a dafa cikin tumbi. Kayan ciki ke nan, abincin talaka. Amma sun riƙe shi fiye da shekara 200, har waɗanda suka yi ƙaura zuwa Kanada da Amurka suna girka shi a gidajensu. Mu da tarihi ya ce daga garinmu maƙeran Abagayawa suka tashi suka sauka a Dala, muna jin kunyar tuwonmu.

Ga shawarata ga duk mai son raya daren bana. A zaɓi gida ɗaya, gidan babba a dangi. Kada a ɗora wa mutum ɗaya nauyi: wannan ya kawo kwanon dawa, wancan daddawa da man shanu, 'yan birni su turo kuɗin nama. Aikin ma a raba, samari su faskara itace su ɗebo ruwa, don kada matan gida su wuni a bakin murhu da azumi su kaɗai. Wanda ya ajiye jela ya riƙa dubawa, laimar damina tana ɓata nama. In ya yi wari ko fumfuna a zubar, a sayi sabo.

Bayan an ci, a ajiye waya, a bar tsoho ko tsohuwar gidan su faɗa wa yara wane ne ya haifi wane, me ya haɗa mu da mutanen Kademi ko na Toranke, wace gona ce ta kakan wa. Wasu rigingimun gado da muke gani a kotu tsakanin 'yan uwan da ba su taɓa sa hannu a akushi ɗaya ba ne. Zumunta a ƙafa take, kuma waɗannan tsofaffi ba za su jira mu ba.

Ku faɗa mana yadda ake yi a unguwarku, daga Balare zuwa Shagogo. Allah Ya kai mu da rai da lafiya, Ya jiƙan magabatanmu.