Daga Jiwa Zuwa Dutsen Zuma A Kan Keke

Duk wanda ya yi sammako ya tsaya a bakin hanyar da ta fito daga Jiwa ta nufi Gwagwa, zai ga irin mutanen da har gobe keke ne abin hawansu. Ga manomi ya ɗaure fartanya da adda a kariya, ya nufi gona tun rana ba ta fito ba. Ga ɗan makaranta ya goyo ƙanensa. Can kuma ga wani dattijo da tsohon Raleigh, irin wanda ake haɗawa a Kano a da, ya lafta masa buhun gawayi, ya sauka yana turawa domin hawa ya gagari feda. Babu hukumar da ta shata wa mutanen nan hanya. Ƙafafunsu da tayoyinsu su ne suka fid da turbobin da suka ratsa gonaki, suka tsallake rafuka, suka haɗa wannan ƙauye da wancan. Batun waɗannan turbobi ne wannan fili zai duba a makon nan, domin suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a ga wanda abin ya dama ba.

A wasu ƙasashe irin waɗannan hanyoyi dukiya ce. A Faransa akwai wata hanyar keke mai suna Vélodyssée, wadda ta bi gaɓar tekun Atlantika tun daga garin Roscoff a arewa har Hendaye a bakin iyakar Sifen, tsawonta ya ɗara kilomita 1,200. Mutum yakan ɗauki hutu ya hau kekensa, ya yi kwana da kwanaki yana ratsa ƙauyukan masunta da na manoma, inda dare ya yi masa nan zai biya kuɗin makwanci, ya sayi abinci a hannun mutanen wurin. Ƙasar Holan kuwa tana da hanyoyin keke wajen kilomita 35,000. Ba sa'a ce ta ba su wannan ba. Hukuma ce ta keɓe filin, ta rubuta shi a taswira, ta hana kowa gini a kai.

To, ƙasar Abuja ba ta da teku, amma tana da gonaki da duwatsu da tarihi, kuma Jiwa wuri ne da ya dace a fara tafiya daga cikinsa. Mutane da yawa da suka zo Abuja neman abinci suna ɗaukar Jiwa a kan wata unguwa ce ta bayan gari inda haya take da sauƙi. Alhali kuwa tsohon gari ne mai sarautarsa, ya girmi Birnin Tarayya nesa ba kusa ba. Yana cikin garuruwan da suke ƙarƙashin Sarkin Abuja ta dā, watau masarautar da Abu Ja ya kafa cikin 1828 bayan Haɓen Zazzau sun baro Zariya a zamanin jihadi. Sai ran 3 ga watan Fabrairu na 1976, da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa doka ta yanki wannan ƙasa domin gina sabon babban birni, sannan Jiwa ta sami kanta a cikin Yankin Birnin Tarayya. Yanzu tana cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja.

Mai keken da ya bar kwalta ya shiga turba a bayan gari, nan da nan zai manta cewa yana kusa da fadar mulkin Nijeriya. Kunyoyin doya ne jere, kowane tudu da sandar da yaɗo zai hau. Ga masara, ga rogo, ga dawa da takan yi tsawo har ta ɓoye mahayi, ga riɗi da gyaɗa a wuraren da ƙasa take da yashi. Itatuwan kaɗanya da ɗorawa da mangwaro suna nan tsaye a tsakiyar gonaki, domin manomi ba ya sare itacen da yake ba shi kaɗe da kalwa. A hanya zai gamu da matan Gbagyi, waɗanda Hausawa suka fi sani da Gwari, suna tafe da kaya a kafaɗa bisa al'adarsu, da kuma Fulani suna kora shanu zuwa mashaya. Ƙasar shimfiɗaɗɗa ce, hawa da gangara kaɗan ne, sai dai a bakin rafukan da suke malala zuwa Kogin Usuma, inda tilas mutum ya sauka ya ɗauki kekensa ya tsallake. Mai mota ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi abin da ya sani na wannan ƙasa allon hanya ne da 'yan talla a bakin gada.

Daɗin tafiyar yakan yanke ne a Dei-Dei. Nan ne babbar kasuwar kayan gini da ta katako da ta shanu, manyan motoci suna shiga suna fita dare da rana. Nan ne kuma turba take karo da babban titin da ya taso daga cikin birni ya bi ta Kubwa ya nufi Zuba, wanda aka faɗaɗa har ya kai layi goma. An yi wa mota layi goma, ba a bar wa keke ko taku biyu ba. Mai keke sai dai ya raɓa gefe, inda motocin haya suke tsayawa ba sanarwa, masu babur suna tahowa ta hannun da ba nasu ba, tirela tana huci a bayansa. In yana so ya haye ɗaya gefen, sai ya nemi gadar masu ƙafa ya saɓa kekensa ya hau matakala. Manomi mai buhun masara a kariya fa, yaya zai yi?

Wanda Allah ya fid da shi daga nan, sai Zuba, kasuwar lemo da ayaba da kankana, inda zai jiƙa maƙogwaro da kuɗi kaɗan. Daga Zuba in ya ɗauki hanyar Kaduna ya shiga Jihar Neja wajen Madalla, sai Dutsen Zuma ya tare masa gaba. Dutse ne guda ɗaya tilo, tsayinsa daga ƙasa wajen mita 300, da wata alama a jikinsa mai kama da fuskar mutum. Shi ne wanda yake jikin takardar naira 100. Matafiya a mota sukan leƙa shi ta taga su wuce, amma mai keke yana ganin yadda yake ƙara girma a hankali tun daga nesa, har ya iso gindinsa ya ɗaga kai hula ta faɗi. Mai sauran ƙarfi sai ya ƙarasa Suleja, watau Abuja ta asali, wadda ta bar wa sabon birni sunanta ta ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. A can ne wani Bature mai suna Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga cikin 1954 ta yi sunan da ya kai hotonta jikin naira 20. Mai ƙwarin ƙafa in ya tashi Jiwa bayan asuba, zai ga dutse ya komo gida kafin la'asar. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga watan Nuwamba, sa'ad da ruwa ya ɗauke, taɓo ya bushe, ana haƙar doya ana yankan dawa. Da damina laka takan cika tsakanin taya da marfinta har keke ya ƙi motsi.

Abin da yake cin waɗannan turbobi ba ɓoyayye ba ne. Ƙasar Birnin Tarayya duk a hannun Gwamnatin Tarayya take, Minista ne mai rabawa. Manomi yana iya noma wuri tun kakanninsa, wata safiya ya tarar an kafa turakun siminti a cikin kunyoyinsa, an ce an ba wani kamfani ya gina rukunin gidaje. Bayan wata biyu sai katanga ta tashi. Ko da an biya shi diyyar amfanin gona da itatuwa, babu mai biyan diyyar hanya, domin ba ta cikin taswirar kowa. Turbar da take kai mutum ƙauyen gaba cikin minti goma, yanzu sai ya zagaya katanga ya fito kan kwalta ya haɗu da tirela. Da haka ne ake tura masu keke daga inda suke lafiya zuwa inda ake take su.

Ba yau aka fara kiran mutane su koma hawan keke ba. Cikin 2001 Ministan Sufuri na lokacin, marigayi Cif Ojo Maduekwe, ya yi ta wannan kira, har ya riƙa zuwa aiki a kan keke domin ya nuna misali. Ran nan wata bas ta buge shi a cikin Abuja ya faɗa rami. Jama'a suka yi ta dariya, aka mai da abin labarin nishaɗi, aka bar darasin da yake ciki, watau idan Minista da masu tsaronsa bai tsira a kan titin Abuja ba, ina ga mai gawayi? Cikin 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da ran 3 ga watan Yuni ta zama ranar keke ta duniya. Akan ga manya sun sa hular kwano sun zagaya tsakiyar birni, 'yan sanda suna tare musu hanya, a ɗauki hoto a watse. Washegari titi ya koma yadda yake.

Amma tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya ninka, maganar ta fi ƙarfin wasa. Leburan da yake kwana a Jiwa ko Gwagwa ko Karmo yana aiki a ma'aikatun Idu, in ya lissafa abin da yake kashewa a hanya kowane wata, zai ga kuɗin keke ne na hannu. Abin da yake hana shi saye tsoron titi ne.

Saboda haka abin da ake bukata daga Hukumar Raya Birnin Tarayya ba mai tsada ba ne. A tura safiyo su bi turbobin nan tare da masu unguwanni da manoman da suka san su, a sa su a taswira tun ba a gama raba filin ba, a ce duk wanda aka ba fili ya bar taku uku ko huɗu a gefen katangarsa. Ba sai an zuba kwalta ba, burji ya isa, da kwalbati a kan rafuka. Ga kuma layin jirgin ƙasa na cikin gari wanda ya taso daga Idu ya bi ta Gwagwa da Dei-Dei ya nufi Kubwa. Da za a shimfiɗa hanyar keke a gefensa, a yi rumfar ajiye kekuna a kowace tasha, da mutum ya bar gida da keke ya ƙarasa cikin birni da jirgi.

Mai yawon buɗe ido zai biyo baya, kuma da shi mai faci da mai kunun zaƙi da mai gasa doya za su sami ciniki. Sai dai ba zai zo ba in babu kwanciyar hankali. Sace-sacen mutanen da aka yi a yankin Bwari cikin watan Janairu na 2024 bai fita daga zukatan jama'a ba, kuma shi ya sa masu hawan keke na motsa jiki suka fi son zagaya titunan Maitama da Asokoro ran Asabar da safe. Wanda ya yi niyyar bin hanyar Jiwa kafin a gyara, to, ya nemi abokan tafiya, ya sami ɗan gari ya yi musu ja-gora, su riƙe famfo da kayan faci da ruwan sha, su gai da duk manomin da suka ratsa ta gonarsa, kuma kada magariba ta same su a daji.