Sabuwar Manhaja Ta Iso Lafiya, Ina Masu Koyar Da Ita?

A shekarar 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, a ƙarƙashin Dokta Tunji Alausa, ta fito da sabuwar manhajar makarantun firamare da sakandare. An rage yawan darussa, an wajabta tarihin Nijeriya, an kuma ware sana'o'i shida da ɗalibi zai zaɓi ɗaya: haɗa wutar hasken rana, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da wayar hannu, da noman lambu. A takarda dai babu abin kushewa.

Sai dai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ita ma irin wannan alkawari ta ɗauka, har aka soma tsarin 6-3-3-4 a 1982, da nufin yaro ya gama ƙaramar sakandare da sana'a a hannunsa. Aka sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. Da yawansu a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, domin babu lantarki, babu ɗakin aiki, babu kuma malamin da ya san inda ake kunna su. Aka koma ana zana wa yara zarto da guduma a jikin allo, su haddace sunayensu don cin jarrabawa.

Abuja ce ke rubuta manhaja, amma ɗaukar malami da gina aji nauyin jiha ne da ƙananan hukumomi. A nan Lafiya, wadda ta zama babban birnin Jihar Nasarawa ran 1 ga Oktoba, 1996, ba ta da uzuri. A cikinta akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, da Kwalejin Aikin Gona, da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga kuma Kwalejin Horon Malamai can Akwanga. Ƙasar da ke cika motoci da doya da riɗi da shinkafa bai kamata ta rasa mai koya wa ɗanta kiwo da lambu ba. Abin da ya dace shi ne hukumomin ilmi na jihar su sa waɗannan kwalejoji su horar da malaman da ke aiki, a kuma jawo ƙwararrun teloli da masu gyaran waya na kasuwa, a biya su, su shiga aji. Batun kuɗi kuwa, dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya, amma jiha ba ta samun rabonta sai ta ajiye nata daidai da shi.

Maganar ta shafi mazauna Sabon Ibadan da Agege da Idi-Araba kai tsaye. Su ne ke karɓar samarin da suka baro aji hannu rabbana, su ne suka ga yadda aka shiga lokacin da Gwamnatin Ikko ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi a 2022. Su ne kuma ke aika kuɗin makaranta gida. Saboda haka ƙungiyoyin 'yan asalin Nasarawa da ke Kudu suna da bakin magana. Duk wanda ya je gida hutun Salla ya leƙa makarantar unguwarsu, ya tambayi hedimasta sana'ar da ake koyarwa, da malamin da ke koyar da ita, ya kuma nemi a buɗe masa ɗakin aikin ya gani.