DAGA BAKIN KWARA: Ɗan itacen da ke yaudarar harshe

A wannan watan za mu bar zancen shinkafa da albasar fadamun Garu, mu leƙa kudancin ƙasarmu, domin akwai wani abin mamaki da Allah Ya shuka a can wanda yawancinmu ba mu taɓa jin labarinsa ba.

Wani ɗan itace ne ja, bai fi ƙwayar gyaɗa mai ɓawo girma ba, da ƙwallo guda a ciki. Mutanen Fon suna kiransa sisre, Yarabawa kuwa agbayun. Shi kansa ba shi da wani zaƙin kirki. Amma in mutum ya tsotse shi, ya bar tsokar ta shafe harshe na kamar minti ɗaya, to duk abu mai tsami da ya sa a baki sai ya ji shi kamar zuma. Lemun tsami, tsamiya, yakuwa, nonon da ya kwana, duk ɗaya ne. Haka harshe zai zauna na rabin awa zuwa awa guda, sannan ya koma yadda yake.

Mutanen kudu sun daɗe da saninsa, da shi suke shan koko mai tsami ba tare da sukari ba. Wani Bafaranshe mai suna Des Marchais, wanda tafiyarsa ta 1725 ta kai shi har Ouidah, ya rubuta labarinsa. Sai a 1968 masana suka ware sinadarin da ke wannan aiki, wanda ake kira mirakulin. Yana manne wa wuraren da harshe ke jin zaƙi ya yi lamo. Da tsami ya taɓa shi sai ya motsa su, ƙwaƙwalwa ta ɗauka sukari aka sha.

Wani kamfani a Amurka ya so ya sa shi ya maye gurbin sukari, amma a 1974 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta ce sai an ƙara bincike, kamfanin ya durƙushe. A 2021 Tarayyar Turai ta yarda a sayar da busasshensa. Ga shi abin ƙasarmu yana tsada a kantunan Turai, mu kuwa muna zuba sukari cokali uku a kofin kunu.

To, a nan ne maganar ta shafe mu. Ciwon sukari ya shiga gidajenmu, kuma dattijon da likita ya hana wa sukari ya san wuyar shan kunun tsamiya ko zoɓo lami. Wannan ɗan itace zai iya rage masa ƙwalama. Sai dai zuma da zaƙi da harbi. Harshe kaɗai yake yaudara, abincin yana nan yadda yake. Tsamin da ba ka ji a baki ba, ciki da haƙora za su ji shi, saboda haka mai gyambon ciki ya yi hattara. Ba ya aiki a shayi, domin ɗaci ba tsami ba ne, kuma zafi yana kashe sinadarin. Kada kuma wani ya jingine maganin asibiti don an ce masa ga maganin ciwon sukari.

Ga 'yan'uwanmu fatake masu kai albasa Kwatano, ku sani ɗanyensa ba ya wuce kwana biyu ko uku, ga shi tsakanin Kwatano da Malanville ya fi kilomita 700. Ƙwallon ma in ya bushe ba ya tsira. Itacen yana son inuwa da damshi, yana shekara uku zuwa huɗu kafin ya yi 'ya'ya, don haka zafin yankinmu bai dace da shi ba. Masu bincike a Jami'ar Abomey-Calavi sun yi kashedin cewa yana raguwa a kudu, inda ake saran rassansa don asuwaki, ake haƙar saiwarsa don magani.

Saboda haka wanda Allah Ya kai shi kasuwannin kudu, ya tambayi sisre, ya sayi 'ya'yan, ya bar saiwar. In manomi ya ga ana biyan kuɗi a kan 'ya'yan, ba zai bari a sare itacen ba. Ku tafi da lemun tsami a aljihu, ku gwada da kanku, gani ya kori ji.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.