Kant da Hegel a Hannun Ɗan Zango: Fa'idodi da Illoli

Tsakanin Nima da Legon babu nisa a trotro, amma yaron da ya tashi a makarantar allo, in ya shiga sashen falsafa na Jami'ar Ghana, wata duniya yake tararwa. A can zai gamu da Immanuel Kant, wanda ya ce a 1781 ba mu san abu yadda yake a zatinsa ba, sai yadda hankali ya tsara mana shi cikin wuri da lokaci da sababi. Zai gamu da Hegel, wanda a 1807 ya ƙi wannan iyaka, ya ce hankali yana gane kansa ne sannu a hankali cikin tarihi. An sha cewa zamanin mutanen nan ya wuce, sai ga John McDowell da Robert Brandom sun farfaɗo da su a Amurka.

Fa'idar farko ita ce ɗan Zango ba baƙo ba ne a wannan fage. Duk wanda ya durƙusa gaban malami a Maamobi ya karanta Ummul Barahin ta Sanusi ya san hukuncin hankali kashi uku ne: wajibi, mustahili da ja'izi. Tambayar inda hankali ya tsaya tsohuwar tambaya ce a wurinsa. Kant zai ba shi abin da zai amsa wa mai cewa babu gaskiya sai abin da aka auna a ɗakin gwaji. Zai kuma koya masa bin hujja daki-daki, abin da muke matuƙar bukata a unguwannin da muhawarar 'yan Tijjaniyya da Ahlus Sunna ta sha zafi.

Illar ba ƙarama ba ce. Kant ya ce hankali zalla ba ya iya tabbatar da samuwar Ubangiji, alhali Sanusi ya kafa hujjarsa ne a kan faruwar duniya. Ɗalibin da ba shi da mai ja masa gora zai iya rikicewa a nan, ya rasa tudun dafawa. Ga kuma raini: Kant ya fifita wasu jinsuna a kan wasu, Hegel ya fitar da Afirka daga tarihi. Wannan yana yi mini ciwo, domin Anton Wilhelm Amo, ɗan Axim, ya sami digirin dakta a Wittenberg tun 1734, shekara 36 kafin a haifi Hegel.

Nkrumah ma ya soki mazhabar su Kant da Hegel a littafinsa Consciencism a 1964, yana ganin tana nisanta mutum daga halin da jama'a suke ciki. Wanda ya ga yadda babbar gota ta Nima take ambaliya da damina zai gane nufinsa.

Duk da haka ina goyon bayan a ci gaba da karantar da Kant da Hegel, da sharaɗin masanin falsafa Kwasi Wiredu: a gwada kowace mas'ala da harshen gida. In za a karanta Kant a Legon, a ajiye Amo da Sanusi kusa da shi, a kuma sa ɗalibi ya warware hujjar da Hausa ko Twi kafin ya rubuta ta da Turanci.