Kwalbar bitamin ba ta maganin kansa

Bara ne gwaggona ta ji wani ƙullutu a nononta. Kafin ta je likita, wata maƙwabciya mai tallar kayan wani kamfanin waje ta kawo mata kwalabe uku, ta ce bitamin ne na Turai, yana narkar da kansa ba tiyata. Jika 45 kowane wata. Gwaggo ta saida tumakinta biyu. Da na matsa mata mu tafi Yamai, sai ta ce: "Ɗan nan, bar ni in ƙare wannan tukuna." Wata bakwai aka yi ana ƙarewa ana sake saye. Ranar da muka isa wurin lokotoro, abin ya riga ya kai hammata.

Shi ya sa na zauna na karanta abin da masu bincike suka gano, kuma ina son ku ji shi.

Ba yau aka fara wannan fata ba. Linus Pauling, masanin da ya ci kyautar Nobel har sau biyu, ya yi ta yayata cewa bitamin C mai yawa na taimakon masu kansa. Asibitin Mayo na Amurka ya gwada, a 1979 da 1985, ba a ga wani amfani ba. A Finlan an bi maza masu shan taba kusan 29,000. Sakamakon 1994 ya nuna waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin ɗari. A 2011, wani gwaji kan maza sama da 35,000 ya nuna bitamin E ya ƙara kansar mafitsara ta maza, wato furostat, da kashi 17. A 2018 an ga bitamin D bai rage kamuwa da kansa ba cikin mutane kusan 26,000.

Akwai ma abin da ya fi ba ni tsoro. Shimiyo da gashin haske suna aiki ne ta hanyar lalata ƙwayoyin cutar. Wasu bitamin, idan an sha da yawa, aikinsu kare ƙwayoyin jiki ne daga irin wannan lalacewa, kuma likitoci na fargabar su kare har da na kansar. Ka ga ke nan ana tufka ana warwara.

Kar a ce na ce bitamin guba ne. Maras lafiyar da jininsa ya yi ƙasa ko ya rame, likita na iya rubuta masa, kuma akwai maganin kansar da dole a haɗa shi da bitamin B12. Bambancin shi ne likita ya auna ya rubuta. Zogale, wake, ƙwai, madara, a ci sosai. Abinci ne, suna ba jiki ƙarfin jure magani. Amma ba su cire ƙari.

Ban ga laifin gwaggo ba. Mace tana ƙauyen Damagaram, cibiyar yaƙi da kansa tana Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, ga kuɗin mota, ga masauki. Mai kwalba kuwa har ɗaki take zuwa, da murmushi, har bashi take bayarwa.

Don haka muna kira ga hukumomin lafiya su hana tallar duk wani abu da sunan maganin kansa a rediyo, tasha da WhatsApp, su hukunta masu yi. A kusanto da awon nono da na bakin mahaifa zuwa likitocin jihohi. Mu kuma, ƴan uwa, in aka turo mana irin wannan talla, kar mu tura gaba. Mai shan shimiyo ya nuna wa likitansa duk kwalbar da ke ɗakinsa.

Gwaggo tana nan tana karɓar magani. Ku sa ta a addu'a. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.