Idon Zakara: Ganye Mai Zaƙi, Ƙwaya Mai Dafi

Da yawa daga cikinmu mun taɓa tsintar ta a gindin danga ko bakin gona: 'yar ƙwaya ja wur mai baƙin ɗigo a gefe guda, tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Hausawa suka raɗa mata suna idon zakara, kuma duk wanda ya taɓa kallon zakara da kyau ya san sunan ya dace. Masana kimiyya suna kiran tsiron Abrus precatorius. Dangin wake ne, yaɗo yake yi yana nannaɗe bishiya, idan kwansonsa ya bushe sai ya tsage ƙwayoyin su bayyana.

Masu maganin gargajiya a Afirka da Indiya sun daɗe suna amfani da ganyensa wajen tari da ciwon maƙogwaro, ganyen kuwa zaƙi gare shi. A nan ne ake ruɗuwa, sai a ɗauka tunda ganyen magani ne, ƙwayar ma haka take. Ina! A cikinta akwai dafin da ake kira abrin, ɗan'uwan dafin da ke cikin 'ya'yan zurma, amma ya fi shi ƙarfi.

'Yan ajin kimiyya, ku tuna darasin ribosom, wato ɗan wurin da ƙwayar halitta ke haɗa furotin. Abrin shiga yake yi ya tsayar da wannan aiki cak, daga nan ƙwayoyin halittar su fara mutuwa. Shi ya sa ba ya nuna kansa nan take. Yaro zai iya taunawa da safe ya ci gaba da wasansa, sai bayan sa'o'i, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu, amai da gudawa mai jini su taso, hanta da ƙoda su taɓu. Har yau ba a samo makarinsa ba.

Abin da ya ceci yawancinmu da muka yi wasa da ita muna ƙanana shi ne taurin ɓawonta. Idan an haɗiye ta ba a fasa ba, sau da yawa takan fita yadda ta shiga. Amma da zarar an tauna, ko an daka, ko an huda ta da allura don yin sarƙa ko abin hannu, to an buɗe wa dafin ƙofa, kuma ƙwaya ɗaya tak da aka tauna sosai tana iya kisa. A shekarar 2011 sai da aka janye irin waɗannan abubuwan hannu da aka sayar wa jama'a a Ingila. (A Indiya kuwa da ita maƙeran zinariya suke awo a da can, suna ce wa nauyinta ratti.)

Don haka idan kun ga ƙanenku ko ƙanwarku da ita a baki, kada ku ce ai ga shi nan garau. Kada a ɗura masa manja ko madara a zauna jira. A kai shi asibiti a lokacin, a tafi da ragowar ƙwayar a nuna wa likita, a kuma faɗa masa ƙarfe nawa abin ya faru da ko yaron ya tauna.